Fullmetal Alchemist ko Attack on Titan: wanne zai warware maka babi na takwas?

Ƙanena, ka ce kana rubuta labarin wani gari da aljanu suka yi wa ƙawanya, ka kai babi na takwas alƙalami ya cije, kuma abokai sun raba maka hankali, wasu na cewa ka kalli Fullmetal Alchemist, wasu na cewa Attack on Titan, duka finafinan zane ne na ƙasar Japan. Na kalli duka biyun, na kuma karanta manga ɗinsu, wato littattafan zanen da aka ciro su daga ciki. Tun daga farko zan faɗa maka inda na karkata: ka fara da Fullmetal. Amma bari ka ji dalili, don ɗayan ma akwai abin da zai koya maka wanda ba za ka samu a na farkon ba.

Fullmetal Alchemist mace ce ta rubuta shi ta kuma zana, Hiromu Arakawa, wadda ta tashi a gidan kiwon shanun madara a tsibirin Hokkaido na arewacin Japan. Ya fito wata-wata a mujalla daga 2001 zuwa 2010, babi 108, littafi 27. Attack on Titan kuwa na Hajime Isayama ne, ya fara shi a 2009 yana ɗan shekara 23, ya kammala a 2021, babi 139, littafi 34. Shi a wani ƙaramin gari da duwatsu suka kewaye ya girma, a lardin Oita. Ka riƙe waɗannan biyun a ranka, domin kowannensu gidansu ya zuba a takarda. Ita ta san ba a samun nono sai an tashi da asuba. Shi kuma ya san yadda yaro ke kallon dutse yana tambayar me ke bayansa.

Ginshiƙin Fullmetal doka ɗaya ce tak. A duniyar labarin akwai ilimin alkimiya, ana sarrafa abu ya koma wani abu, amma ba ka samun komai sai ka ba da abin da ya kai darajarsa. Yara biyu, Edward ɗan shekara 11 da ƙanensa Alphonse ɗan 10, mahaifiyarsu ta rasu, suka ƙi haƙura. Suka tara sinadaran da ke jikin ɗan Adam, ruwa, gishiri, ƙarfe da sauransu, kamar masu awon cefane, suka zana da'ira a ƙasa, suka ɗiga jininsu, wai za su dawo da ita. Abin da ya fito daga da'irar ba uwarsu ba ce. Edward ya rasa ƙafar hagu nan take, Alphonse ya rasa jikinsa gaba ɗaya. Edward, yana kwance cikin jini, ya jawo wani tsohon sulke, ya zana hatimi a cikinsa da yatsa, ya ba da hannunsa na dama don ran ƙanensa ya zauna a sulken. Daga ranar Alphonse ba ya ci, ba ya barci, ba ya jin sanyi ko zafi. Dare in ya yi, kowa ya kwanta, shi yana zaune shi kaɗai har gari ya waye. Wannan zaman nasa na dare ya fi taɓa ni fiye da duk faɗan da ke cikin labarin.

Dubi abin da marubuciyar ta yi. Ta kafa doka, ta sa jarumanta suka taka ta, ta caje su a gaban idonka, sannan ba ta taɓa yi musu rangwame ba. Ko da suka ji labarin wani dutse da aka ce yana ba mutum iko ba tare da biya ba, suka bi sawunsa, sai suka tarar da rayukan mutane ake haɗa shi. Ashe ana biya, wasu ne kawai ke biya maka. Kuma labarin bai taɓa nuna ɗan Adam zai iya tayar da matacci ba. Duk wanda ya gwada, girman kansa ne ya ci shi. Malamarsu Izumi ma ta gwada a kan jaririnta, ta rasa wasu kayan cikinta, tana aman jini har kullum.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tatsuniya, matar da ta yi wa Dodo alkawarin abin da ke cikinta don ya taimake ta, ai Dodo yana dawowa karɓa. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ma doka gare shi, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma wannan dokar ce ta sa zuwan Bayajidda ya zama labari. Yawancin labaran aljanu da nake karantawa a waya yanzu nan suke faɗuwa. Jarumi ya shiga uku, sai ga zobe, sai ga wani tsoho mai farin gemu, sai ga aljana ta kamu da sonsa, an wuce wurin. Mai karatu in ya gane komai zai iya faruwa, ya daina jin tsoro, in ya daina jin tsoro kuwa ya ajiye littafin.

Attack on Titan ba da doka yake riƙe ka ba, da sirri yake riƙe ka. Mutane na zaune cikin ganuwa uku, ɗaya a cikin ɗaya, Maria, Rose da Sina, kowace tsayinta mita 50, a waje kuma samudawa ne masu cin mutane, ba a kashe su sai an sare ƙeya. Shekara ɗari ana zaune lafiya, ran nan sai wani mai mita 60 ya leƙo ta saman ganuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin badala a Kano ya ɗaga kai, zai fahimci abin da wannan hoton ke yi wa zuciya. Ga kuma wani abu da ya shafi labarinka kai tsaye: bayan ganuwar farko ta faɗi, 'yan gudun hijira suka cika ta biyu, abinci ya ƙare, sai hukuma ta tura mutum 250,000 waje da sunan ƙwato ƙasa, alhali rage bakunan ci take yi. Kakan Armin, abokin jarumin labarin, na cikinsu. Garin da aka yi wa ƙawanya, yunwa da son kai na cikin gida sun fi dodon waje ban tsoro. Ka tambayi kanka, mutanen garinka me suke ci tun babi na ɗaya, wa ke riƙe da rumbu?

Sai maganar makulli. Tun farkon labari uban Eren, jarumin labarin, ya nuna masa makullin wani ɗaki na ƙarƙashin gidansu, ya ce in ya dawo zai nuna masa abin da ke ciki. Masu karatu sun jira daga 2009 har 2016 kafin a buɗe ƙofar nan. Shekara bakwai! Abin da aka samu kuwa ba makami ba ne, littattafai uku ne da hoto ɗaya, amma suka juya duk abin da ka ɗauka ka sani. Wannan gwaninta ce, ba na musu.

Sai dai ga inda nake ji maka tsoro. Sirri bashi ne, kuma kullum ruwa yake yi. Sabon marubuci in ya kalli Attack on Titan, abin da yake ɗauka shi ne ɓoye-ɓoye: ya rufe ɗaki, ya rufe akwati, ya sa wani ya mutu da magana a baki, alhali shi kansa bai san me ke cikin ɗakin ba. Isayama ya san abin da ke ɗakinsa, shi ya sa in ka koma baya za ka ga alamu a warwatse tun babukan farko. Duk da haka, da ya zo rufe labarin a 2021, masoyansa sun rabu biyu, har yau ana ja-in-ja. Ni ina cikin waɗanda suka ga babin ƙarshe ya ɗauko kaya fiye da ƙarfinsa. Ƙarshen Fullmetal kuwa da wuya ka ji mai ƙorafi, domin da dokar da aka buɗe da ita aka rufe. Ba zan tona maka ba, amma Edward ya sake biya, kuma abin da ya bayar ya yi daidai.

Ta fuskar mutane ma Arakawa ta fi faɗin hannu. Akwai Winry mai ƙera hannu da ƙafar ƙarfe, tana kwana uku ba barci a kan aiki. Akwai sojoji irin su Roy Mustang da aka tura wani yanki mai suna Ishval suka hallaka al'umma, suka dawo suna ɗauke da abin a wuyansu, da Scar, ɗan Ishval ɗin da ke bin su ɗaya bayan ɗaya, wanda ba za ka iya kiransa mugu kai tsaye ba. Ana dariya a ciki, ana cin abinci, har haihuwa ana yi. A Attack on Titan kusan kowa fuska a ɗaure take, numfashi sai da ƙyar.

In za ka kalli Fullmetal, iri biyu ne, ka nemi wanda ake kira Brotherhood na 2009 zuwa 2010, kashi 64, shi ne ya bi littafin sau da ƙafa. Na 2003 mai kashi 51 ya rabu da littafin a tsakiya. Attack on Titan zango huɗu ne, daga 2013 zuwa 2023, kuma jini ya yi yawa a cikinsa, kada ka kunna ƙannenka na zaune.

Kafin ka taɓa babi na tara, ɗauki takarda ka rubuta abu uku da aljanunka ba za su iya yi ba ko ana ha-maza-ha-mata, da abin da mutum ke rasawa duk lokacin da ya nemi taimakonsu. In akwai ɗakin da ka rufe a baya, rubuta abin da ke ciki yau ɗin nan, ka ninke ka ajiye. Sannan ka turo mini babi na takwas ɗin in gani.