Dutsen da ke bayan Basalona da maganar takalmin Auta

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ya ƙafar Inna, ya kuma aka ji da zafin Gusau.

Saƙonka ya iso. Ka ce Auta ya riƙi gudu da gaske tun da ya sa ran shiga soja, kambas ɗinsa kuma ya buɗe baki. Na saya masa wani, yana cikin jakar da zan ba ɗan garinmu mai tahowa bayan Sallah. Da na faɗa maka kuɗinsa a waya na ji ka yi salati, kana cewa wane irin takalmi ne zai ci kuɗin buhun gero. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba ka labarin inda ake sa irinsa, don ni ma yau shekara biyu ke nan ina gudu.

Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Likita ce ta auna ni ta ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri in riƙa motsa jiki kafin a kai ga shan magani. Na ce mata ai wuni nake ina ɗaukar kaya a sito, ta ce wannan gajiya ce kawai, zuciya aikinta daban. Wani abokin aikina ɗan Maroko ne ya ja ni ranar wata Lahadi muka hau dutse.

Basalona teku ce a gabanta, dutse a bayanta. Sunan dutsen Collserola, suna furta shi kamar Kolsarola. Jerin tuddai ne da daji ya lulluɓe, faɗinsa ya haura hekta 8,000, a shekarar 2010 kuma gwamnatin yankin nan, wato Kataloniya, ta ayyana shi gandun da doka ta kare. Ƙololuwarsa ita ce Tibidabo, mita 512, akwai coci da wurin wasan yara a kanta. Gefe kaɗan ga hasumiyar sadarwa mai tsawon mita 288 da aka gina lokacin wasannin Olamfik na 1992, wadda duk inda ka ɓace a dajin ita za ka ɗaga kai ka nema.

Zuwa wurin ba wuya. Daga tsakiyar gari nake shiga jirgin ƙasa, minti goma sha wani abu in sauka a tashar Peu del Funicular. A nan akwai wani ɗan jirgi da igiyar ƙarfe ke ja ya hau gangaren, tun 1906 ake hawa ta wannan layi, yanzu ko direba babu a ciki. In kana son sauka a tashar tsakiya sai ka danna maɓalli, in ba ka danna ba ya wuce da kai sama. Tikitin da ka shigo jirgin ƙasa da shi, shi ne dai. Dajin kansa ba ƙofa, ba mai gadi da zai ce kawo na goro, ba kuɗin shiga.

Tashar tsakiyar nan tana sauke ka a kan hanyar da ta fi kowace suna, Carretera de les Aigües, wato hanyar ruwa, saboda ta nan bututun ruwa ya bi a da. Turba ce ta ƙasa da tsakuwa, faɗinta mota za ta iya bi, tana kwance a ƙugun dutsen kamar ɗamara, wajen kilomita 10, kusan duka a shimfiɗe ba hawa ba gangara, mita 300 ko kusa da haka sama da teku. Yaya, da ma ka ga wurin nan bayan asuba. A hannu ɗaya itatuwa masu ganye kamar allura suna ƙamshin ƙaro, a ɗaya hannun garin gaba ɗaya a ƙarƙashinka, fitilu ba su gama mutuwa ba, jiragen ruwa sun yi layi suna jiran shiga tasha, rana na ɓullowa ja daga cikin teku. Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin tsakuwa a ƙarƙashin ƙafa da numfashin wanda ke bayanka. Ranar farko ban yi gudun kirki ba, tsayawa na riƙa yi ina tasbihi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙananan hidimomin da aka yi wa wurin. Akwai famfunan ruwan sha a bakin hanya, ka danna ya zubo, ba ka buƙatar ɗaukar ruwan leda. A maɓuɓɓugan cikin daji kuma an kafa allo ana gaya maka cewa wannan ruwan ba a tabbatar da tsabtarsa ba, in ka sha kai ka so. A mararraba akwai sanda mai kibiya da sunan wuri da nisansa. Ƙananan turbobin da ke kutsawa daji an shafa musu fenti a jikin dutse ko itace: ja da fari doguwar hanya ce ta kwanaki, rawaya da fari matsakaiciya, kore da fari gajeriya ta nan kusa. In ka ga an gicciya fentin, ka kauce, ba nan ba ce. Gwangwanin fenti ne fa kawai da mutumin da ke komawa yana sabunta shi. Kusa da tashar jirgin ƙasa ta Baixador de Vallvidrera akwai ofishin gandun, ka shiga a nuna maka taswira a yi maka bayani kyauta.

Mutanen nan da ba sa gaisuwa a cikin gari, maƙwabci ya wuce ka a matakala kamar bai gan ka ba, a kan dutse sai su canza. In kun haɗu a siririyar turba sai ka ji an yi maka ina kwana, an ce maka "bon dia". Na ga dattijo mai furfura fat yana hawa da sanduna biyu. Na ga mace ita kaɗai da fitila a goshi, gari bai gama wayewa ba, ba ta ko waiwaye.

Yanzu takalmi. A watana na uku da fara gudu na bar shimfiɗaɗɗiyar hanya na bi siririyar turba mai gangara wajen wata maɓuɓɓuga da ake kira Font de la Budellera, da kambas ɗin ƙwallon da na zo da shi daga gida. An yi yayyafi da dare. Ƙasansa ya riga ya siɗe, ina taka wani falalen dutse sai ƙafa ta tafi, idon sawu ya gurɗe. Wani mai keke ne ya tsaya ya ba ni kafaɗa har bakin titi, yana ta tambaya ko ya kira 112, lambar neman agajin gaggawa. Sati uku ina ɗingishi a wurin aiki. Daga nan na gane takalmin dutse daban yake da na kwalta: ƙasansa haƙora ne masu zurfi kamar tayar babur ɗin daji, gabansa da tauri don kada dutse ya fasa maka farce.

Na Auta a shagon kayan wasanni na Decathlon na saya, Yuro 50 da 'yan kai, irin wanda nake sawa. Na manyan kamfanoni irin su Salomon suna haura Yuro 120, har 150. A nan yankin gudun dutse abin alfahari ne, don Kilian Jornet, wanda ya ci babbar tseren tsaunin Mont Blanc a 2008 yana ɗan shekara 20, a garin Sabadell aka haife shi, bayan dutsen nan kaɗan. Saboda haka shaguna cike suke da agogo mai auna bugun zuciya, da riga mai aljihun ruwa, da safa ta musamman. Ni dai ban ga wanda Auta ke buƙata a ciki ba. Abin da na yaba shi ne an bar ni na gwada, na ɗan zagaya cikin shagon, aka kuma ba ni rasit aka ce in bai yi ba in dawo da shi.

Amma ta wani gefen mun fi su. Gwanjon da ke kasuwar Gusau, in mutum ya iya zaɓe, irin waɗannan ne da aka sa aka gaji, a kuɗi kaɗan. Ka dai ce wa Auta ya riƙa juya ƙasan ya duba haƙoran, ya kuma matsa tsakiyar da babban yatsa. In ya ji ta mutu ba ta dawowa, ko saman na ƙyalli ya bar shi, gwiwa zai ci. Sannan shumeka. A gida takalmi ya ɓalle, ka miƙa a bakin masallaci, kafin a idar da salla an ɗinke. A nan kuɗin gyara kan kusa kai na sabo, sai ka ga an jefar da abin da zai yi shekara biyu a ƙafar ɗan makaranta. Har yau in na gani raina na sosuwa.

Wurin yana da nasa abin haƙuri. Aladun daji sun yi yawa, har cikin unguwanni suke sauka suna kifar da shara, an hana ba su abinci. Na taɓa cin karo da uwa da 'ya'yanta a kwana, na ja baya a hankali har suka wuce. Karnuka ma ba iyaka, wasu a sake, kan ka ankara an shinshina maka wando, shi ya sa na ware na gudu daban da na salla. Daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Oktoba kuma ba a kunna wuta a dajin, saboda gobara.

Yaya, duk ranar da na tsaya a can sama Dutsen Kwatarkwashi nake tunawa. Ka tuna hutun da Baba ya kai mu wurin Kawu, muka hau da silifas, da ƙullin gyaɗa a aljihu, muna hango gonakin dawa har inda ido ya ƙare, tsofaffi na ba mu labarin kamun maiki? Wallahi a kyan dutse Collserola bai fi shi ba, nasu ma ba shi da wannan kwarjinin. Ga duwatsun Tsafe, ga na Kanoma. Da za a shafa fenti, a kafa famfo biyu, samarin garin su zama 'yan rakiya, da an samu abin yi. Amma wa zai hau yau? Manomi ma sai ya yi shahada kafin ya je gonarsa. Matar nan mai fitila a goshi, abin da take da shi wanda Auta ba shi da shi ba a shago ake sayar da shi ba. Na tuna Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a jihar, na yi makonni ban ji muryar Inna ba, a kan dutsen nan nake zuwa in zauna da waya a hannu.

Don haka ka ja masa kunne. Takalmin na dutse ne, amma kada ya kai shi daji. Ya tsaya filin wasa da titunan cikin gari, bayan gari ya waye, shi da abokansa, kada ya fita shi kaɗai. Ya fara da kilomita uku, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Lamba 43 na ɗauko kamar yadda ka ce, in ya ɗan yi masa yawa haka ake so, ƙafa na kumbura a gudu.

In Allah ya sa wata rana ka bi hanyar Tsafe da tsakar rana, ka ɗauko mini hoton dutsen ta tagar mota. Kada ku tsaya.

A gaida Inna, a gaida Anti da yara. Naka ƙane.