Wane Littafin Nahawun Turanci Ya Kamata Ɗalibi Ya Saya Don Sanin Azuzuwan Kalmomi?

Kafin a biya kuɗi, a buɗe littafin a ga yadda ya yi da kalma irin fast. A cikin "a fast car" sifa ce, a "she runs fast" bayanau ce, a "they fast" kuwa aikatau ce. Littafin da ya ba da ma'anar suna da aikatau kawai, bai nuna cewa aikin kalma a cikin jimla ke yanke ajinta ba, hadda zai koyar, kuma haddar nan ba ta amfani da zarar an kawo jimlar da ɗalibi bai taɓa gani ba.

Littafin Wren da Martin, High School English Grammar and Composition, wanda ya fara fitowa a 1935, shi ne ya fi bin tsohon tsari na azuzuwa takwas, ɗaya bayan ɗaya, har da babi kan kalma guda da ke shiga azuzuwa daban-daban. Ga mai shirin jarrabawar da ake cewa a faɗi ajin kalmar da aka ja wa layi, yana da ƙarfi sosai. Illarsa biyu: yawancin misalansa tsohon Turanci ne, kuma amsoshin darussan suna cikin wani littafi na daban. Haka nan yana lissafa a, an da the cikin sifa, alhali sababbin littattafai sun ware su tare da this da some a matsayin mafayyata (determiners), wato kalmomin da ke zuwa kafin suna don fayyace shi. Malami ya san da wannan tun farko, kada ɗalibi ya rikice.

English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda Cambridge ta buga a 1985, ba a kan azuzuwa aka gina shi ba, da lokutan aikatau ya fara. Bayani na shafin hagu, aiki na shafin dama. Ya fi dacewa da wanda ya san sunayen azuzuwan amma yana tuntuɓe wajen rubutu, kamar mai rikita hard da hardly. Mai shuɗin bango na matsakaita ne, ɗan koyo ya nemi mai jan bango, Essential Grammar in Use. Akwai bugu mai amsoshi da marar amsoshi, don haka mai karatu shi kaɗai ya duba bangon da kyau.

Practical English Usage na Michael Swan na malami ne. Babu darussan gwaji a ciki, na duba matsala ne.

A ganinmu, idan kuɗin abu ɗaya ne kawai za a ƙara a kan littafin nahawu, ƙamus na masu koyo irin Oxford Advanced Learner's Dictionary ya cancanta. Yana rubuta ajin kowace kalma, yana sa alamar U ga sunan da ba a ƙirgawa, wanda shi ke hana a rubuta advices ko furnitures. Yana kuma nuna aikatau da ke ɗaukar karɓau kai tsaye, a gane cewa discuss ba ta buƙatar about. Ƙaramin ƙamus na aljihu sau da yawa ba ya kawo waɗannan alamomi. Ƙarshen kalma kaɗai kuma ba ya nuna ajinta: duk wanda ya ce kowace kalma mai ƙarewa da -ly bayanau ce, a gwada shi da friendly da lonely, waɗanda sifa ne.