Wane layi za ka zaɓa idan shift() ya fara jan ƙafa?

Duk mai rubuta JavaScript ya san hanyar nan: ka zuba abu a bayan array, wato jerin abubuwa, da push(), ka zaro na gaba da shift(), layi ya haɗu. Da abubuwa dubu ɗaya ba za ka ji komai ba. Amma cire na farko yana nufin sauran duka su matsa gaba, kamar layin gidan mai da kowace mota sai ta tayar da inji in ta gaba ta fita. A layin abubuwa miliyan ɗaya, matsawar tana iya kai kusan biliyan 500 kafin ya ƙare.

V8, injin Chrome da Edge, yana da dabarar datse kan array ba tare da kwashe komai ba. Sai dai in array ya girma har ya koma ma'ajin manyan abubuwa, dabarar ta ƙi aiki, shafi ya daskare. Firefox kuwa ya gyara nasa shift() tun 2017. Saboda haka kada gwajin burauza ɗaya ya ruɗe ka.

Mafi araha shi ne ka daina cirewa. Ajiye lamba mai nuna kan layi, ka karanta abin da ke wurin, ka ƙara mata ɗaya. Ga aikin da zai ƙare, kamar binciken hanya a taswira, wannan ya wadatar. Aibinsa ɗaya: waɗanda aka sallama suna nan zaune a memori, don haka in sun kai rabi, ka yi slice() ka watsar da su.

Layin da ba ya ƙarewa, irin na saƙonnin WebSocket, wato hanyar da ke zama a buɗe tsakanin burauza da sabar, shi ke son layi mai zagaye, inda wutsiya ke komawa gurbin da kai ya bari. Ba dole ka rubuta da hannunka ba. Denque, wani shiryayyen layi mai zagaye, na nan a npm, rumbun manhajojin JavaScript, kuma ioredis, manhajar haɗawa da ma'ajin bayanai na Redis, ma da shi yake aiki. In cikakkun lambobi zalla ne marasa girma sosai, gina naka layin kan Int32Array, wato array na irin waɗannan lambobi kawai.

Sarƙa, wato linked list, inda kowane abu ke nuna na bayansa, ni ba ta cika burge ni ba. Cirewa da sakawa nan take ne, amma kowane abu da nasa ƙulli, mai kwashe sharar memori ya yi ta fama. Ka neme ta kawai in za ka riƙa zare abubuwa daga tsakiyar layi.