Kula da Dasashi: Inda Babba da Yaro Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

'Yar'uwa, kin ce duk sanda kika goge baki sai kin tofar da jini, ga ɗanki mai shekara huɗu, kina tambaya ko tsari ɗaya za ku bi ko kowa da nasa. Abin da kuke yaƙa da shi ɗaya ne, amma gyaran da ke gabanki daban yake da nasa.

Abin da ke kumbura dasashi shi ne dattin nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da nama. Ƙwayoyin cuta ne cunkushe a cikinsa. A 1965 masanin lafiyar haƙori Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Danmak sun sa wasu mutane masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuwa, cikin kamar mako guda ya warware. Saboda haka ke da yaron duka, sau biyu a rana ne, minti biyu kowane zama, na dare ya zama abu na ƙarshe kafin kwanciya, don yawu yana raguwa lokacin barci. Buroshi mai taushi, a sauya shi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje. A tofar da man goge bakin, kada a kuskure baki da ruwa nan take, domin sinadarin fuloraid da ke cikinsa, mai kare haƙori daga ruɓewa, ya samu ya zauna.

Daga nan hanya ta rabu.

Ke babba, jinin da kike gani shi ya fi damuna, domin yawancin mutane da sun ga jini sai su riƙa kauce wa wurin, su ce kada su fama ciwo. Nan kuskuren yake. Dattin da aka bari ne ke jawo jinin, kauce masa ƙara masa wurin zama ne. Ki karkata gashin buroshin ya kalli dasashi, kamar kusurwa mai digiri 45, ki riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan a hankali, ba dirza irin ta wanki ba. Dirza da ƙarfi tana janye dasashi ta bar saiwar haƙori a waje. Sannan buroshi ba ya shiga tsakanin haƙora, kuma ciwon dasashin manya can ya fi farawa. Sai kin haɗa da zaren sakace sau ɗaya a rana, ko ƙaramin buroshin nan na tsakanin haƙora idan akwai 'yar tazara. A kwanakin farko jinin zai iya ci gaba, kada ki karaya. Idan an yi mako biyu bai ragu ba, ki ga likitan haƙori, domin dattin da ya riga ya daskare ya zama kamar dutse babu buroshin da ke cire shi, sai an kankare.

Ina nanata wannan ne saboda kumburin farko yana warkewa sarai, amma in ya zarce ya fara cin ƙashin da ke riƙe haƙori, abin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna kusan kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya suna fama da wannan mataki mai tsanani. Mai juna biyu da mai ciwon suga dasashinsu ya fi saurin kumbura. Mai shan taba kuwa abin nasa ya fi ɓoyuwa, don taba tana rage zubar jinin alhali ɓarnar na ci gaba.

Shi yaro, da wuya ciwon ya kai ga ƙashi a shekarunsa. Matsalarsa hannu ce. Ɗan shekara huɗu zai tauna buroshi, ya lashe man, ya ce ya gama. Ki bar shi ya fara don ya saba, sannan ki karɓa ki kammala, ki tsaya a bayansa ya jingina kansa a jikinki, kina ganin turamen ciki. Haka za ki yi har ya kai shekara bakwai ko takwas. Ki sa ido sosai wajen shekara shida, lokacin turmin dindindin na farko ke fitowa can ƙarshen baki ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, iyaye da yawa sai su ɗauka na nono ne.

Yawan man ma ya bambanta. Ƙasa da shekara uku, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake. Ki duba jikin kwalin: na yara kada fuloraid ɗinsa ya gaza 1000 ppm (ma'aunin yawan fuloraid ke nan da ake rubutawa a kwali), naki kuma 1350 zuwa 1500. Zaren sakace yana shigowa ne da zarar haƙoransa biyu sun manne da juna, kuma ke za ki yi masa.

Ruwan kuskure baki na kwalba kada ki ba shi kafin shekara shida, zai haɗiye. Ke ma ƙari ne kawai, ba ya maye gurbin buroshi da zare, mai sinadarin kuloheksidin mai kashe ƙwayoyin cuta kuma na ɗan lokaci ne bisa umarnin likita, don yana rina haƙori idan aka daɗe a kansa.

Idan akwai ƙaninsa a goye, tun kafin haƙori ya fito ki riƙa shafe masa dasashi da tsabtataccen ƙyalle mai laima. Na farko yakan tsiro wajen wata shida, ranar da kika gan shi ranar buroshi ya fara.