Gam mai bututu biyu: na minti biyar ko na kwana ɗaya?

Duk wanda ya taɓa sayen gam ɗin Araldite a kasuwar Wunti ta Bauchi ya san bututu biyu ake ba shi. Ɗaya ƙaron efoksi ne, ɗayan kuma shi ke sa ya daskare. A cikin ƙaron akwai wani ɗan zobe na ƙwayoyin zarra uku, kabon biyu da oksijin ɗaya. Abin da ke bututu na biyu shi ke ɓalle zoben, ƙwayoyin su sarƙe da juna har ruwa ya koma kamar dutse.

Na gaggawa yawanci markaftan, wani sinadari mai farar wuta, ne a cikin bututunsa na biyu, da ɗan wani sinadarin da ake kira amin mai zaburar da aikin. Shi ya sa yake warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka gauraya shi a bayan kwali da tsinken ashana, kafin ka gama daidaita abin da za ka liƙa ya fara ɗumi yana kauri. A zafin Afrilu na Bauchi ma minti biyar ɗin ba ya cika, don zafi na ƙara masa sauri. Ya dace da hannun kofi ko madubin babur.

Mai jinkirin kuwa wani sinadari mai suna foliyamid ko dangin amin ke sa ya daskare. Za ka samu kusan awa guda kana gyara zama, amma sai ka ɗaure abin ya kwana. Yana samun lokacin ratsa ƙofofin katako, kuma ya fi jure ruwa da zafi. Ni dai in ƙafar kujera ce ko wani abu mai ɗaukar nauyi, shi nake saya, na kuma kankare wurin da sanfefa tukuna, don maiƙo ko ƙura kaɗan na hana kowannensu kamawa.