Kwana huɗu a ƙanƙarar Pampeago

Tun 2010 sunan Pampeago ke zuciyata. A shekarar ne Kwame Nkrumah-Acheampong ya wakilci Ghana a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a gasar Olamfik ta Vancouver, mu kuwa a unguwar Asawase ta Kumasi muka yi cincirindo gaban talabijin ɗin mai shayi muna kallo. Daga baya na ji cewa a Pampeago, arewacin Italiya, ya yi atisayensa. Da na kai wa yayana ziyara Brescia a Janairu, na ce masa, "Yaya, don Allah ko da kwana huɗu ne ka kai ni." Ya kai ni, Allah ya saka masa.

A Tesero muka sauka, cikin kwarin Val di Fiemme, kullum da safe mu bi bas mu haura. Gindin wurin ma kawai ya kai mita 1,750, kusan ninki biyu na dutsen Afadjato namu. Abin da ya fara kama ni shi ne shirun. Ni da na saba da hayaniyar kasuwar Kejetia, ga ni zaune a kujerar da igiyar ƙarfe ke ja sama, ƙafafuna na lilo, ba abin da nake ji sai kukan igiyar da ƙarar allunan zamiya da masu wucewa a ƙasa ke ɗaure da su a ƙafa, shuuu. A ranakun aiki ban taɓa yin dogon layi ba.

Hanyoyin kala uku ne: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye. Na ɗauki malami safiya biyu. Ya koya min haɗa bakin allunan biyu, in buɗe bayansu, in danna cikin ƙafa. A haka ake rage gudu, a haka ake tsayawa. Rana ta uku na sauko shuɗiyar hanya tun daga sama ba tare da faɗuwa ba, na tsaya a ƙasa ina haki, hawaye na zubo min cikin tabarau. Baƙar hanyar Pala di Santa kuwa daga nesa na kalle ta, gangarenta kamar bango.

Maganar katin hawa ita ce na fi so 'yan uwa su ji. Akwai babban kati, Dolomiti Superski, mai buɗe yankuna 12 da hanyoyin da suka kai kilomita 1,200. Yaya ya so saya min shi don karamci, na roƙe shi ya bari. Katin Val di Fiemme da Obereggen ya fi araha, ga shi Pampeago a haɗe take da Predazzo da Obereggen, hanya kusan kilomita 50. Ɗan koyo ko rabinsu ba zai taka ba. Katin a aljihun hannun riga ake sa shi, kana matsowa ƙofa ta yi ƙara ta buɗe. Kada a haɗa shi aljihu ɗaya da waya. Sannan tun 2022 dokar Italiya ta wajabta wa mai zamiya inshora, saboda ko zai buge wani. Ana iya biya a wurin sayen katin.

Wani daɗin, in ka tsallaka Obereggen sai ka ji gaisuwa ta koma Jamusanci, alhali kana cikin Italiya.

Abinci ne ke son lura. Naman alade busasshe da suke kira speck yana shiga girki da yawa, har cikin dunƙulen burodin da ake sawa a romo. Ni polenta da cuku na riƙe, tuwon masara ne sak, sai shayi mai zafi. Alwala tun daga masauki nake yi, don cire takalman nan masu tauri aiki ne, kuma na haɗa azahar da la'asar tunda matafiyi ne ni. Takalmin da na fara haya ya matse min ƙwauri, na mayar aka canza ba musu.

Wajen huɗu da rabi ake tsayar da kujerun. Ranar ƙarshe muka tsaya da Yaya har duwatsun Latemar suka yi jawur kamar garwashi, bas na jiranmu. Katin yana cikin jakata har yau a Kumasi, yaran gida sai karɓa suke suna jujjuyawa.