Rabuwa da masaukin hutu na karɓa-karɓa: wace hanya ce ba ta cin kuɗi a banza?

Abin da Turawa ke kira timeshare shi ne ka sayi mako guda a shekara a wani masauki a Florida, Sifen ko Meziko. Abin da ke shaƙe mai shi kuwa kuɗin kula da gini ne, kusan kowace shekara sai ya hau, ka je hutu ko ba ka je ba.

In ba ka daɗe da sa hannu ba, duba kwanakin da doka ta ba ka na janyewa daga cinikin: 14 a Tarayyar Turai, 10 a jihar Florida, 5 a jihar Nevada ta Amurka. Wasiƙa ake aikawa ta rajista zuwa adireshin da ke cikin yarjejeniyar. Kada ka dogara da kiran waya.

In wa'adin ya wuce, hanyar da na fi yarda da ita ita ce mayar wa kamfanin kayansa. Kamfanonin timeshare na Wyndham da Marriott Vacation Club duk suna da sashen da ke duba irin wannan buƙata. Yawanci sai ka gama biyan bashin sayen, kuma ba a bin ka kuɗin kula, wani lokaci a caje ka na sauya takardu. Kada ka sa ran samun ko sisi, amma ɗawainiyar ta yanke. Nemi sashen masu mallaka, domin 'yan talla ƙarin maki, wato na kama kwanakin hutu, za su tallata maka. Ci gaba da biya har takardar cire sunanka ta shigo hannunka.

Sayarwa? A shafin saye da sayarwa na eBay har na dala 1 ake sakawa. Daina biya kuma jawo wa kai masu karɓar bashi ne da ɓacin suna a banki.

Inda aka fi kwasar mutane shi ne kamfanonin da ke alƙawarin fitar da kai, su karɓi dubban daloli tun farko, su ce ka daina biya. A 2020 babban lauyan jihar Washington ya maka ɗayansu, Reed Hein, a kotu. Mafi muni su ne masu kira su ce sun samo maka mai saye, sai dai ka fara turo kuɗin haraji. A 2023 Baitulmalin Amurka ya ƙaƙaba takunkumi kan masu wannan damfara a birnin Puerto Vallarta na Meziko, masu alaƙa da ƙungiyar safarar ƙwaya ta CJNG. Wanda suka ci kuɗinsa, sukan sake kiransa da sunan lauyoyi ko jami'an gwamnati, wai za su ƙwato masa dukiyarsa in ya biya wani kuɗin.